Yadda Masu Sharhi Suka Karɓi Littafin Golding na Mutanen Zamanin Dutse

Tambaya: Malam, na karanta Lord of the Flies a makaranta, sai na ji an ce marubucinsa ya fi son wani littafin nasa da ya rubuta a kan mutanen zamanin dutse, wato The Inheritors. Na samo shi, na karanta wajen shafi talatin, na ajiye don ban gane inda ya dosa ba. Wani abokina ya ce masana sun daɗe da yin watsi da shi saboda kimiyya ta ƙaryata abin da ke ciki. Yaya masu sharhi suka karɓi littafin nan, kuma ya cancanci in koma masa?

Amsa: Ɗan'uwa, ka koma masa. Abokinka ya faɗi wani yanki na gaskiya, amma bai kai inda ya ɗauka ba, kuma zan nuna maka iyakar inda maganarsa ta tsaya. Na shafe shekaru ina koyar da littafin nan, kuma kusan kowace shekara sai na ga ɗalibai sun tsaya daidai inda ka tsaya. Wannan tsayawar ma tana cikin tarihin yadda aka karɓe shi tun farko.

Kamfanin Faber and Faber na Landan ne ya buga shi a 1955, shekara guda bayan Lord of the Flies. A lokacin William Golding malamin makaranta ne a garin Salisbury a Ingila, tsohon sojan ruwa wanda ya ga Yaƙin Duniya na Biyu da idonsa, har da saukar dakarun ƙawance a gaɓar Normandi a 1944. Ya rubuta daftarin farko cikin abin da bai kai wata guda ba, a ƙarshen 1954. Har ya rasu a 1993, bayan ya karɓi kyautar Nobel ta adabi a 1983, wannan ne littafin da yake cewa ya fi so a cikin nasa.

Labarin na wasu mutum takwas ne daga cikin jinsin da masana ke kira Niyandatal, sunan da ya samo asali daga kwarin Neander kusa da Düsseldorf a Jamus, inda aka tono ƙasusuwansu a 1856. Akwai tsoho Mal, da tsohuwar da ke ɗauke da garwashin wuta, da Ha da Nil, da Lok da Fa, da yarinya Liku, da jinjirin da ba a raɗa wa suna ba. Suna dawowa daga bakin teku, inda suka yi zaman lokacin sanyi, zuwa mazauninsu na bazara a gindin wani dutse kusa da inda ruwa ke gangarowa. Sai suka tarar gungumen itacen da suka saba takawa su ƙetare wani fadama ba ya nan. Ba su san wani ne ya ɗauke shi ba, domin ba su taɓa tunanin akwai wasu mutane a duniya ban da su ba. Daga nan ɗaya bayan ɗaya suka fara ƙarewa a hannun "sababbin mutane", masu kwale-kwale da kwari da baka da giyar zuma. Sababbin mutanen nan mu ne, irinmu.

Abin da ya sa ka ajiye littafin shi ne duk wannan ana ba ka shi ne ta idon Lok, wanda ko a cikin danginsa ba shi ne mai kaifin basira ba. Ga misali guda da ya fi kowane shahara. Lok yana tsaye a bakin kogi yana hango wani daga cikin sababbin mutanen a tsallake. Sai ya ga wata sanda ta miƙe tsaye, da wani guntun ƙashi a tsakiyarta. Ya ga sandar tana gajarcewa daga sama da ƙasa, sai kuma ta koma tsawonta farat ɗaya. Sai busasshen itacen da ke kusa da kunnensa ya yi murya, ya kuma tsiro da wani reshe da babu shi ɗazu. A bakin reshen akwai farin ƙashi mai ƙugiyoyi, da wani abu ruwan ƙasa mai danƙo da hancinsa bai so ba, a gindinsa kuma jajayen gashin tsuntsu. Lok ya ɗauka kyauta ake son ba shi.

Wata shekara na sa aka karanta wannan wuri a aji da babbar murya, aji ya yi tsit, kowa na kallon takarda. Can sai wani ɗalibi da ya tashi a gidan maharba ya ɗago kai ya ce, "Malam, ai harbinsa aka yi. Wannan kibiya ce mai dafi." Na ga fuskokin sauran sun sauya a take. Marubucin bai ambaci baka ba, bai ambaci kibiya ba, bai ce wani ya ja tsirkiya ba, saboda Lok ba shi da waɗannan kalmomi kuma ba shi da tunanin cewa mutum zai nufi mutum da kisa daga nesa. Kai mai karatu ne za ka haɗa abin da kanka, kuma a lokacin da ka haɗa shi za ka gane cewa ka gane ne domin kai ɗan gidan mai harbin ne. Duk gardamar da aka yi a kan littafin nan shekara saba'in, daga wannan dabara ta taso.

Masu sharhin jaridu na farko a Ingila yawancinsu sun girmama shi, ko da yake da dama sun yi kukan wahalarsa. Yabon da aka fi maimaitawa na marubuci Arthur Koestler ne, wanda ya kwatanta littafin da girgizar ƙasa a cikin dajin ƙagaggun labaran Ingila da ya sandare ya zama dutse. Maganar tana da dalili. A tsakiyar shekarun 1950 abin da ke tashe a adabin Ingila shi ne labaran samari masu fushi da tsarin aji, labaran ofis da mashaya da ɗakin haya a garuruwan lardi. Sai ga wani malamin makaranta ya zo da labarin da babu gari a cikinsa, babu kuɗi, babu ko kalmar "jiya" yadda muka san ta. Amma yabon masana bai zama ciniki ba. Lord of the Flies ne ya ci kasuwa, musamman da ya shiga jami'o'in Amurka daga ƙarshen shekarun 1950, sannan aka sa shi cikin manhajar makarantu a ƙasashe da yawa, har ya iso gare ka. The Inheritors bai fito a Amurka ba sai 1962, kuma ya fito ne a inuwar yayansa. Wancan labarin yara ne a tsibiri, malami zai iya zana wa ɗalibai ma'anarsa a allo cikin darasi biyu. Wannan kuwa sai ka yi haƙuri da shi kamar mai koyon sabon harshe.

Abu na farko da masu nazari suka kama shi ne rigimar Golding da marubucin Ingila H. G. Wells, domin shi da kansa ya ajiye musu ita a shafin farko. Ya buɗe littafin da wani yanki daga The Outline of History na Wells, wanda ya fito a 1920, inda aka siffanta mutumin Niyandatal da muni da gashi da ƙanƙantar goshi, har aka kawo ra'ayin Sir Harry Johnston cewa mai yiwuwa tunawa da irin waɗannan halittu masu cin naman mutane ne asalin dodon da ke cikin tatsuniyoyi. Wells yana da wani gajeren labari ma na 1921, The Grisly Folk, inda waɗannan halittu ke sace 'ya'yan mutanen kirki. Mahaifin Golding malamin kimiyya ne wanda ya yarda ƙwarai da ikon hankalin ɗan Adam da ci gabansa, kuma Golding ya faɗa a hira cewa littafin tarihin Wells kamar littafin addini yake a gidansu. Bayan abin da ya gani a yaƙi, labarin cewa ɗan Adam yana hawa matakala daga dabbanci zuwa wayewa ya daina shiga kansa. Don haka ya juya labarin Wells baibai. A nasa, sababbin mutane ne ke sace yara, kuma su ne yunwa da tsoro suka kai ga cin naman yarinya Liku. Fa ta ga abin daga saman itacen da suka ɓuya, Lok yana barci, ta kasa gaya masa. Sai can gaba ya tono ƙananan ƙasusuwa a cikin toka, tare da 'yar saiwar itacen da yarinyar ke rungumewa kamar 'yartsana.

Daga nan aka samu karatun da ya fi yaɗuwa a shekarun 1960, cewa littafin labarin faɗuwar ɗan Adam ne, fita daga Aljanna da zubar da jinin ɗan'uwa na farko. Ruwan da ke gangarowa daga dutse a tsakiyar labarin ya taimaka wa wannan fassara, domin kalmar da Ingilishi ke kiransa da ita ita ce kalmar da Kiristoci ke kiran faɗuwar Adamu. Ɗalibaina, Musulmi da Kirista, ba sa buƙatar a nuna musu wannan, da kansu suke tuna Habila da Ƙabila. Mark Kinkead-Weekes da Ian Gregor, a littafinsu na nazarin Golding na 1967, sun bi labarin babi-babi, kuma abin da na fi amfana da shi daga gare su shi ne nacewar da suka yi cewa a fara ganin abin da Lok yake gani kafin a yi gaggawar neman darasi.

Suka mai nauyi ta farko ta zo ne a kan ƙarshen littafin. A 1960 wani masani Ba'amurke, James Gindin, ya rubuta maƙala yana cewa Golding na da ɗabi'ar juya labari a shafukan ƙarshe da wata dabara da ke rage ƙarfin abin da ya gina. A Lord of the Flies hafsan sojan ruwa ne ya bayyana kwatsam, yaran da muka ɗauka dodanni suka koma yara masu majina. A wani littafinsa, Pincher Martin na 1956, a layin ƙarshe ake gane cewa tauraron labarin ya daɗe da mutuwa. A namu kuwa, babi na goma sha biyu ya bar mutanen Lok gaba ɗaya ya shiga kwale-kwalen sababbin mutane, ya shiga kan wani mai suna Tuami. A nan ne muke jin cewa su ma a firgice suke, gudu suke yi daga abin da suka ɗauka aljanun daji ne. Gindin na ganin wannan sassautawa ce, kamar marubucin ya tsorata da hukuncin da ya yanke wa ɗan Adam ya ja da baya.

Ni ban yarda da shi ba, kuma a nan nake ganin yawancin masu nazarin da suka biyo baya sun fi shi gaskiya. Ba don babin nan ba, da littafin ya zama Wells da aka juya kawai, an sauya wa dodo riga. Babin Tuami ne ya nuna cewa kisan bai fito daga mugunta tsagwaronta ba, daga tsoro ya fito, tsoron abin da ba a sani ba, wanda aka raɗa wa suna aljani tun kafin a dube shi da kyau. Tuami yana zaune yana wasa wani guntun hauren giwa don ya yi wuƙar da zai soke shugabansu Marlan da ita. Sai ya ga jinjirin da suka sato yana hawa jikin Vivani, matar da ta rasa nata ɗan take shayar da shi, mutane suka fashe da dariya duk da tsoron da ke cikinsu. Sai ya ji cewa siffar nan ce ya kamata ya sassaƙa a ƙotar wuƙar. Hannun da ke wasa makami shi ne hannun da ke sassaƙa, kuma Golding bai raba su ba.

Wani abin da bai faru da littattafai da yawa ba ya faru da wannan: masana harshe suka mayar da shi ɗakin gwaji. A 1971 aka buga maƙalar M. A. K. Halliday, ɗaya daga cikin manyan masana nahawu na ƙarnin da ya wuce, a kan harshen littafin. Ya ɗauki wurare uku ya ƙirga jimlolinsu. Ya nuna cewa a ɓangaren Lok aikatau ƙi-karɓau ne suka yi yawa, wato abubuwa suna motsi, suna tashi, suna faɗuwa, amma da wuya ka ga wani ya yi wa wani abu wani abu. Sau da yawa aikau ɗin jimla, wato mai yin aikin, ba mutum ba ne, gaɓar jiki ce ko itace ko dutse: hancinsa ya bincika, kunnuwansa suka motsa, sanda ta gajarce. A ɓangaren Tuami kuwa jimloli sun koma irin namu, mutum na aikatawa, abu na karɓa. Halliday ya ce nahawun da kansa ne ke ɗauke da labarin, domin mutanen da ba sa ganin sanadi da sakamako ba za su iya tsayawa gaban masu ganinsu ba. Ka gwada da Hausa ka ji bambancin: "ya harbe shi da kibiya" da "itace ya tsiro da reshe". Abu guda ne ya faru, amma a jimla ta biyu babu mai laifi, babu abin gudu.

Maƙalar ta zama abin koyarwa a duk inda ake nazarin salo, kuma ta jawo martani mai zafi. A 1973 Stanley Fish ya soke ta, yana cewa Halliday ya riga ya san labarin da ma'anarsa, sannan ya ɗora wa nahawu ma'anar da ya zo da ita, don babu wata doka da ta ce wani nau'in jimla dole ya nuna wani nau'in tunani. A 1999 David Hoover ya fitar da littafi sukutum a kan harshen The Inheritors, ya yi amfani da kwamfuta ya auna dukkan littafin da wasu littattafai, ya nuna cewa lissafin Halliday a kan aikatau bai tsaya da ƙafafunsa ba idan aka bar 'yan wuraren da ya zaɓa, kuma baƙuncin salon ya fi fitowa daga gajerun jimloli, da ƙarancin kalmomi, da yadda gaɓoɓi da abubuwa marasa rai ke aiki kamar masu rai. Wannan gardama ta shekara kusan talatin ta sa ɗalibai da yawa a duniya sun san shafin kibiyar nan ba tare da sun karanta littafin ba, abin da ke ba ni takaici. Marubuta kuwa ba su daina ƙaunarsa ba. Mawaƙin Ingila Ted Hughes ya rubuta doguwar maƙala ta yabo a kansa a 1986, kuma wani sabon bugu da Faber ta fitar a 'yan shekarun nan Ben Okri ne ya rubuta masa gabatarwa, marubucin nan na Najeriya da aka haifa a Minna.

Yanzu ga maganar abokinka. Gaskiya ne cewa mutanen Niyandatal na Golding ba su ne waɗanda masu tonon tarihi suka sani a yau ba. Nasa ba sa farauta. Suna cin tsutsa da saiwa da zuma, kuma idan suka tsinci barewar da wata dabba ta kashe, sai sun lallashi kansu cewa babu laifi tunda ba su suka zubar da jinin ba. Ba sa ƙera makami, ba sa iya kunna wuta sai dai su riƙa ɗaukar garwashi, kuma suna musayar "hotuna" daga kai zuwa kai ba tare da magana ba. Na gaskiyar kuwa maharba ne na ji da gani. Sinadaran da aka auna a ƙasusuwansu sun nuna nama ne babban abincinsu. A Neumark-Nord a Jamus an samu shaidar cewa suna fiɗar manyan giwaye kimanin shekara 125,000 da suka wuce, kuma tun 1948, kafin Golding ya ɗauki alƙalami, an tono wani mashin katako a cikin ƙasusuwan giwa a Lehringen. Suna fasa dutse da tsari mai buƙatar shiri tun kafin a fara bugu, suna dafa ɓawon itace su fitar da ƙaro don liƙa kan mashi. Batun cin naman mutum ma bai bar su ba, domin a Moula-Guercy a Faransa da Goyet a Beljiyam an samu ƙasusuwansu da alamun yanka da fasawa irin wanda ake yi wa na dabba. Musayar hotuna ta kai da kai kuwa ƙirƙirar marubuci ce zalla, kuma tana cikin dalilan da suka sa ake lissafa littafin cikin ƙagaggun labaran kimiyya.

A nan akwai sukar da nake karɓa. Golding ya wanke mutanensa fiye da kima. Don ya nuna duhun zuciyarmu sai ya yi su kamar jarirai, kuma wanda aka mayar jariri an rage masa mutuntaka, ko da da kyakkyawar niyya aka yi. Mu da Turawan mulkin mallaka suka rubuta a littattafansu, wani lokaci a matsayin dodanni, wani lokaci a matsayin yara masu sauƙin kai, mun san cewa hotunan biyu daga gida ɗaya suke fitowa. Lok mai tafiya wani lokaci da hannu da ƙafa bai yi nisa da hoton da Marcellin Boule ya zana ba bayan ya nazarci ƙwarangwal ɗin La Chapelle-aux-Saints da aka tono a 1908, hoton halitta mai ranƙwafaffen baya da lanƙwasassun gwiwoyi. Shekara biyu kacal bayan fitowar littafin, a 1957, William Straus da A. J. E. Cave suka sake duba ƙasusuwan suka nuna cewa mutumin tsoho ne mai fama da ciwon gaɓoɓi, kuma lafiyayyen ɗan jinsinsa a miƙe yake tafiya kamar kowa.

Amma abokinka bai gaya maka ɗaya ɓangaren ba. A wurare da dama binciken da ya biyo baya ya matso kusa da Golding, ya yi nisa da Wells. A shekarun 1950 ɗin nan ne Ralph Solecki ke tono a kogon Shanidar a yankin Kurdawan Iraƙi. Ɗaya daga cikin mutanen da ya samu ya rayu shekaru da shanyayyen hannu, da raunin da ya fasa masa gefen fuska, da ɗingishi. Irin wannan ba ya kai tsufa a wancan zamani sai da masu ɗauke masa nauyi. Ka tuna yadda mutanen Lok suka kwanta suka kewaye Mal da jikinsu don su ɗumama shi bayan ya faɗa ruwa, da yadda suka haƙa masa kabari a gefen murhu suka sa masa nama da ruwa. Golding ya rubuta wannan kafin a buga sakamakon Shanidar. Labarin da ya shahara daga baya cewa an binne wani a can da furanni ya raunana, domin an nuna cewa ɓeraye ko ƙudan zuma na iya kai garin furen cikin ramin, amma kula da nakasasshe da binne mamaci suna nan da hujjojinsu. An kuma samu ƙashin maƙogwaro a kogon Kebara na Isra'ila a 1983 mai kama da namu sosai, abin da ya ƙarfafa masu cewa suna magana.

Sai kuma jinjirin da ke cikin kwale-kwale. Shekaru da dama ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne cewa jinsin nan ya ƙare kimanin shekara 40,000 da suka wuce bai bar zuriya ba. A 2010 tawagar Svante Pääbo a Leipzig ta karanta ƙwayoyin gadonsu daga ƙasusuwa, ta nuna cewa an yi auratayya, kuma mutanen da asalinsu ke wajen Afirka suna ɗauke da kusan kashi 2 cikin 100 na gadon Niyandatal. Wannan aiki ya kai Pääbo ga kyautar Nobel a 2022. Su Niyandatal a Turai da yammacin Asiya suka rayu, ba a samu ƙasusuwansu a Afirka ba, amma wani bincike na jami'ar Princeton a 2020 ya gano ɗan ƙaramin kaso, wajen 0.3 cikin 100, a jikin 'yan Afirka ma, ta hanyar mutanen da suka yi ƙaura suka dawo nahiyar a zamanin da. Tun daga 2010 kusan duk wanda ya sake rubutu a kan littafin sai ya tsaya a kan jinjirin nan. Ba ina cewa Golding ya yi duba ba ne. Labarinsa ne ya buƙaci wani abu na waɗanda aka kashe ya tsira a cikin waɗanda suka kashe su, sai ya zamana haka abin ya faru.

Idan kana son ka ga matsayinsa da kyau, ka ajiye shi kusa da waɗanda suka biyo shi. Björn Kurtén, masanin ƙasusuwan dabbobin da ne daga Finlan, ya rubuta Dance of the Tiger a 1978, kuma ta fuskar ilimi ya fi Golding daidaito nesa ba kusa ba. Jean Auel ta fitar da The Clan of the Cave Bear a 1980, ta gina ɗaya daga cikin taurarinta a kan nakasasshen nan na Shanidar, ta sayar da miliyoyin kwafi, ko da yake masu sharhin adabi ba su ɗauke ta da nauyi ba. Robert Sawyer ya ci kyautar Hugo ta ƙagaggun labaran kimiyya a 2003 da Hominids. Dukkansu sun fi sauƙin karatu, domin mutanensu na tunani da jimloli irin namu. Golding ne ya yi ƙoƙarin sauya tunanin da kansa, shi ya sa ilimin da ya dogara da shi ya tsufa amma har yanzu ana gardama a kansa a ajin adabi da na harshe.

Da za ka koma, ka fara daga shafin farko, kada ka ci gaba daga inda ka tsaya. Ka karanta a hankali, babi ɗaya a zama ɗaya, kuma duk inda abu ya shige maka duhu ka tambayi kanka: me idona zai gani a nan in ban san sunan abin ba? Kwale-kwale zai zo maka a matsayin gungumen itace mai rami, kamun ƙafa da sababbin mutane ke yi wa barewa da rawa da zane a ƙasa zai zo maka kamar barewar gaske mai tafiya da ƙafa biyu. Idan ka kai wurin da Lok ya gano kalmar "kamar", ya fara cewa mutanen nan kamar yunwataccen kerkeci suke, kamar zuma suke, kamar ruwan da ke gangarowa suke, ka dakata ka sake karantawa, domin a nan ne ya fara tunani irin namu, kuma bai samu wannan ba sai bayan ya rasa kusan kowa. Kada ka leƙa babin ƙarshe kafin lokacinsa. A ƙarshen babi na goma sha ɗaya marubucin zai fitar da kai daga kan Lok a karon farko, ya nuna maka shi daga waje, ba suna, wata 'yar jar halitta mai gashi tana kai da komo a kan dutse tana shinshina ƙasa, ruwa na taruwa a kwarmin idonta yana ɗiga a kan busasshen ganye. Daga nan ta shiga ƙarƙashin dutsen, ta kwanta a gefenta inda aka binne Mal, ta naɗe gwiwoyinta zuwa ƙirji.